Langar da Ba Ta Ga Miya Ba

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da safiyar da Malama Rabi ta ɗaga langata ta kai hanci ba. Tun da kun ce in ba ku labarin sansanin iyali na farko da muka yi, abin da zan ba ku ke nan, don ya fi fareti da hawan dutse zama a raina.

Ga sababbin cikinku da ba su san ni ba, sunana Malam Umaru, amma a sikawut Baffa ake ce mini. Iyayena makiyaya ne daga wajen Kiyawa, boko ne ya karɓe sandar kiwo daga hannuna ya ba ni alli da usur. Na koyar a firamare a nan Dutse har na yi ritaya, kuma tun ina saurayin malami nake ɗaura ƙyallen sikawut a wuya. Yawancin shugabanninku na yanzu ni na koya musu ɗaurin igiya, wasunsu har da mari, Allah ya yafe mana.

A shekarar da nake magana a kai, ritayata ba ta daɗe ba, maiɗakina kuma ta rasu bayan 'yar gajeruwar jinya. Babban ɗana yana aiki a Fatakwal, 'yar kuwa tana aure a Gombe. Suna kira a waya, Allah ya yi musu albarka, amma waya ba ta amsa sallama in ka shigo gida. Makaranta ta sallame ni, gidana na Takur ya yi shiru. Wuri ɗaya ya rage a duniya inda in ban je ba za a ce ina wane, shi ne sikawut. To amma ni ba na son zaman tausayi. Na ƙudura a raina cewa a wannan sansanin zan duba, in na ga ba ni da sauran gurbi sai dai a gaishe ni a wuce, zan cire usur daga wuyana a faretin rufewa in miƙa wa Nasiru, in koma gida in zauna.

Malam Nasiru shi ne shugaban shiyya a lokacin, wato a muƙami yana sama da ni, ko da yake a ajina ya koyi baƙaƙe. Ni kuwa aikina shi ne tsara sansani: ni nake auna fili, in nuna inda kowane tanti zai zauna, inda za a haƙa masai da ramin shara, kuma a wuyana usur yake. Duk abin da za a yi a sansani da usur ake kiransa. Na tashi daban, na salla daban, na abinci daban. Akwai kuma busa mai tsawo a haɗa da gajeru, ta kiran shugabanni. Wadda in an yi ta, ko aski ake maka sai ka taso da rabin kai.

A sansani na yau da kullum tukwane iri biyu muke ɗorawa. Yara suna dafa nasu rukuni-rukuni, da awon da aka yi musu daidai bakinsu. Shugabanni kuma suna da tasu tukunyar, ƙananan malamai ke karɓa-karɓa a kanta. Doka ce tun da daɗewa, kuma ni na fi kowa tsananta ta, cewa babba ba ya sa hannu a tukunyar yara. Ka ɗanɗana gishiri a bakin ludayi, shi ke nan.

Da dogon hutu ya matso, Nasiru ya kawo shawara a taro cewa bana kowane shugaba ya zo da iyalinsa. Ya ce mata suna ƙorafi, hutu ya zo maimakon su ga mazajensu sai su gan su da gajeren wando sun nufi daji. Wasu iyayen yaran ma hankalinsu zai fi kwanciya in sun ji da mata a wurin. Kowa ya yi na'am. Sai wani ya tambaya, to tukunyar shugabanni fa?

Nasiru ya ce, "Kowa ga uwargidansa a gefe, me za a yi da tukunyar gwauraye? A soke ta."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na lura da abin da maganar ta tsallake tun kafin ya rufe baki, amma yadda aka rene mu, namiji ba ya ɗaga hannu a cikin taro ya ce ni fa wa zai dafa mini. Aka wuce zuwa maganar mota.

Cikin watan Agusta muka tafi, damina ta zauna sosai. Wata firamare aka ba mu a wani ƙauye gaba da Kiyawa, gero ya kewaye ta har ya fi mutum tsawo. Na sa mata da ƙananan yara a ajujuwa, aka kewaye wajen da zana, ya zama cikin gida, ba shiga. Tantunan mazajensu na jera su a bakin zanar, kowa kusa da iyalinsa. 'Yan sikawut suka kafa nasu a filin ƙwallo, kowane tanti da magudanar ruwa a kewaye. Nawa kuwa na kafa shi a bakin ƙofar makarantar, ƙarƙashin wata darbejiya, don a ƙa'ida mai tsara sansani shi ke tsare mashiga. Babu wanda ya tura ni can, tsarin ne ya kai ni, kuma ni na yi tsarin.

A cikin kayana akwai langa biyu, ta tuwo da ta miya. Duk tafiyar da na taɓa yi maiɗakina ce take ɗaure mini su a ɗankwali, da ɗan dambun nama a ciki. Wannan karon ni na buɗe kabad ɗinta na ɗauko su, ban ma san dalili ba, hannu ne ya saba. Na kuma sayi garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino na zuba a jaka, na ce ko da wani abu.

Da azahar ɗin farko na busa usur na abinci. Na zaga tukwanen yara, na ɗanɗana gishiri, na yi faɗa inda wake bai nuna ba. Ina dawowa na wuce ta gaban tantunan shugabanni, na ga yara suna fitowa daga bayan zana da kwanuka a ka, kowa yana kai wa ubansa. Ƙanshin miyar ɗanyar kuɓewa da daddawa ya cika wurin. Ina wucewa kowa yana miƙewa yana cewa, "Baffa, bisimilla." Ni kuma ina cewa, "Alhamdulillahi, a ci lafiya." Ku ma kun san wannan bisimillar, ba ta zama ba ce, kuma ko na zauna su ne za su tashi, don babu wanda zai haɗa hannu da malaminsa a kwano.

Na je tantina na zauna a bakin ƙofa kamar mai duba hanya. Na ce yanzu wani yaro zai ɓullo da kwano. Na ga an gama, an fara wanke hannu, kaji sun taru a inda aka zubar da ƙashi. Sai na shiga ciki na saki labulen tantin, na jiƙa gari a kofin shayi.

Daga baya na gane yadda aka yi. Nasiru ya ɗauka gidan Malam Bukar, ɗaya daga cikin manyan shugabanninmu, ne ke kawo mini, tun da Bukar maƙwabcina ne a Takur. Bukar kuwa ya ce ciyar da Baffa girman shugaba ne, in ya aika ya shiga gaban Nasiru ke nan. Sauran suka ce ga manya biyu, su wa za su yi rawar kai? Kowa ya bar wa wani saboda ladabi. Babu mai rowa ko ɗaya a cikinsu, da akwai ma da abin ya fi mini sauƙi, don da na sami wanda zan ji haushi.

Haka muka ci gaba. Da safe in busa usur, a yi salla, a ɗaga tuta, a fita. Mun kai yara kan duwatsu, mun koya musu gane hanya da rana, mun share kasuwar ƙauyen, mata ma an koya musu ɗaurin karaya da na saran maciji. A filin aiki ina da amfani, ana ta Baffa kaza, Baffa kaza. Amma da zarar an sauke tukunya sai sansanin ya rabu gida-gida, ni kuma in nufi darbejiya. Duk wanda ya gamu da ni sai ya ce, "Baffa, an ci abinci?" In ce, "Alhamdulillahi." Ban yi ƙarya ba, gari ma abinci ne.

Don kada a gane, kullum bayan cin abinci sai in ɗauki langar nan biyu in je bakin famfo in ɗauraye su a gaban jama'a, in kife su a kan ɗan gadon itace da muke ɗaurawa da igiya don shanya kwanuka. Tsoho da furfurarsa yana wanke kwanon da ba a ci komai a ciki ba. In na tuna yanzu dariya nake yi, amma a lokacin ba dariya a ciki.

Abin da ya fi yi mini ciwo ya faru ne da wata la'asar. Wasu ƙananan yara, 'ya'yan shugabanni, suka biyo ƙwallo har gindin darbejiya. Ina ciki labule a sake, ina jin dariyarsu, har na fara laluben dabino in ba su. Sai na ji muryar wata daga cikin iyayen daga nesa tana cewa, "Kai, ku bar wajen nan! Ba ku ga Baffa ya saki labule ba? Abinci yake ci, ba ya son a gan shi." Suka kwashe da gudu. Na zauna da dabino a hannu. Ashe duk sansanin an san Baffa yana fulako, Bafulatani ba ya cin abinci a idon mutane, don haka har gadina ake yi kada a dame ni. Yunwa ba ta kai ta kayar da ni ba, na saba da kiwo tun ina yaro. Kaɗaici ne ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a cikin gidana da ba kowa, don a gida ba na jin ƙarar cokulan wasu. A ranar na yanke cewa usur na Nasiru ne.

Malama Rabi matar Nasiru ce, ma'aikaciyar jinya, ita muka ba kula da lafiyar sansani. Wata safiya wasu yara suka tashi da ciwon ciki, sai ta ce tana son ta bi ni zagayen duba tsabta. Muka bi rukuni-rukuni tana ɗaga kwanuka, tana shafa cikinsu da yatsa, tana shinshinawa, wanda ta ji maiƙo ta mayar a sake wankewa. Muka zo ƙarshen gadon kwanuka inda nawa suke kife. Na ce, "Waɗannan nawa ne, mu wuce."

Ta ce, "Baffa, ai kai ka ce doka ba ta tsallake kowa."

Ta ɗaga ta miyar, ta shafa, ta kai hanci. Sai na ga ta tsaya. Ta sake shinshinawa, ta ɗaga ɗayar ita ma. Ta sallami yaran da ke biye da mu, sannan ta durƙusa a wurin, cikin laka, da fararen kayanta.

Ta ce, "Baffa, kafur nake ji. Ƙanshin kabad ɗin marigayiya Inna ne. Langar nan ba ta ga miya ba tun da muka zo."

Na ce, "Ina wankewa da kyau ne."

Ta ce, "Kwanon da aka zuba man ja a ciki, ko da toka aka dirje shi sai ya faɗa. Daga wane gida ake kawo maka?"

Na dubi gero. Ba ni da sunan da zan kama, don duk wanda na kama na yi masa ƙarya. Na ce, "'Yata, ki rufa mini asiri."

Ta ce, "Ba naka ne ya tonu ba, Baffa, namu ne." Ta rungume langar biyu a ƙirji ta nufi bayan zana, tana tafe tana goge ido da gefen hijabi.

Ban san abin da ta faɗa a can ba, amma ba a jima ba na ji turmi ya fara. Da azahar, ina busa usur na abinci, kafin in gama zagayen tukwanen yara in dawo, na tarar da bakin tantina kamar gidan biki. Kowane gida ya aiko. Ga tuwon gero da miyar kuɓewa a langata, ga dambu da zogale, ga shinkafa da wake, ga ɗanwake har da ƙwai, wata ma kaza ta sa aka yanka. Mazan suka zo a jere, Nasiru a gaba, hula a hannu, suka tsuguna.

Ya ce, "Baffa, mun yi abin kunya. Ka yafe mana don Allah."

Na ce, "Ba ku yi komai ba, Allah ya yi albarka."

Suka yi ta ba da haƙuri, ni kuma ina ta cewa ya wuce. Can sai Nasiru ya dubi sauran ya ce, "To mu ba Baffa wuri ya sake." Suka tashi gaba ɗaya. Shi da kansa ya shigar mini da kwanukan ciki, ya jera su a kan tabarma, ya fita, ya sa hannu ya saki labulen a hankali. Ina jin takunsu har suka yi nisa.

Na zauna a tsakiyar abincin mutum goma ni kaɗai. Na buɗe langar, tururi ya bugi fuskata, na yanko loma, na mayar da ita. Jiya ina da kofin gari da labule a sake, yau ina da kaza da labule a sake. Sun ji kunya, sun gyara abin da suka gani, kuma da zuciya ɗaya suka yi. Amma abin da nake nema ba a aiko shi a kwano. Tun rasuwar maiɗakina ban ci abinci wani yana zaune kusa da ni ba, sai a wannan lokacin na san abin da ya kawo ni sansanin ke nan.

Na ciro usur daga wuyana, na ce ba sai an kai faretin rufewa ba, bari in kai masa yanzu. Na riƙe shi a hannu ina dubawa, duk fentin bakin ya goge saboda haƙorana. Sai wata zuciyar ta ce, kai Umaru, har yanzu fa a hannunka yake. Bakina ba zai iya cewa ku zo ku zauna da ni ba, ko za a yanka ni. Amma shi wannan ba shi da fulako.

Na ɗaga labule na fito na busa kiran shugabanni, mai tsawo da gajeru, da iyakar ƙarfina.

Ku zo ku ga gudu. Wani da loma a baki, wani da takalmi ɗaya, Malam Bukar yana tafe yana ɗaura ƙyalle a kan singileti. Suka jeru a gabana ƙam, suka sara. Nasiru yana haki ya ce, "Baffa, lafiya? Yaro ne ya ɓata?"

Na ce, "Ba lafiya ba. Abinci zai huce. Ga buta can, kowa ya wanko hannu."

Suka dubi juna. Nasiru ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Ranka ya daɗe, a ofis kai ne babba. A fili kuwa wa ya koya maka gardama da usur?" Ya sunkuyar da kai ya nufi buta.

Aka fito da tabarma gindin darbejiya, aka jera kwanuka, muka kewaye. Da farko abin ba daɗin kallo, kowa kansa a ƙasa yana tsakurar gefen tuwo kamar a gidan surukai. Malam Bukar ne ya cece mu. Shi Babarbare ne, tsakaninmu da wasa, ba ya raga mini. Ya yanko ƙatuwar loma ya ce, "Jama'a ku shaida, yau na ga abin da kakana bai gani ba. Bafulatani ya tara runduna saboda tuwo."

Na ce, "Ci ka yi shiru, bawa ba ya magana a gaban ubangidansa."

Dariya ta ɓarke, har mata suna leƙowa ta saman zana. Nasiru ya tura mini cinyar kaza gabana ba tare da ya dube ni ba, ni ma na ɗauka ban dube shi ba. Na ci har na ji kunyar kaina. Daga ranar har aka tashi, a gindin darbejiyar nan shugabanni suke haɗa kwanukansu, kuma ban sake busa musu usur don su zo ba. A faretin rufewa usur yana wuyana, Nasiru bai ma san ya kusa gadonsa ba sai yau da yake zaune a nan yana ji.

Ba zan ce muku komai ya warware ba. Ranar da muka dawo, adaidaita ta sauke ni a Takur, na buɗe ƙofa na yi sallama don sabo, ba wanda ya amsa. Na kwance kaya na tarar Malama Rabi ta ɗaure langar a sabon ɗankwali, da dambun nama a ciki. Na rataye usur a ƙusa, na zauna na ci ni kaɗai. A gida ba wanda zan busa wa.

To ga abin da nake so ku riƙe, ku da za ku tsara sansani bayanmu. Mu a aikin nan mun iya ƙirga kawuna, mun iya duba tukunya da kwano. Amma mutanenmu suna da kunya, kuma girmamawa tana iya kewaye mutum ta bar shi a ciki shi kaɗai, kowa yana ganin ya kyauta. In ka tambayi ɗayanmu ko ya ci abinci, ko kwana ya yi bai ci ba Alhamdulillahi zai ce maka. Saboda haka in kun ga tantin da labulensa yake sake a lokacin cin abinci, kada ku tsaya daga waje kuna tambaya, kada kuma ku aika yaro da kwano ku ce kun fita. Ku wanko hannu ku yi sallama ku zauna. Ni na yi sa'a, ranar akwai usur a wuyana. Yawancin masu zama a bayan labule ba su da abin busawa.